YOYON MAI A TSOFAFFIN MOTOCI: DALILANSA DA HANYOYIN MAGANCE SHI A BIRNIN SAKKWATO

1.0 GABATARWA

A wurin mutane da yawa, tsohuwar mota da yoyon mai tagwaye ne, ba a raba su. Saboda haka sai ka ga mai mota ya ajiye galan na baƙin mai a but, kullum safiya ya ɗaga bonet ya ƙara kaɗan, ya ɗauka ya sauke nauyin da ke kansa. In an yi masa magana sai ya ce ai tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani. Wannan zance yana da ƙamshin gaskiya, domin dabarun tsare mai da aka ƙera injunan da da su ba su kai na yau inganci ba. Amma duk da haka, da yawa daga cikin man da tsofaffin motocinmu suke zubarwa yana da dalilin da za a iya ganowa, a kuma kawar da shi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa yoyo alama ce ta wata cuta da ke cikin inji, kuma wanda ya toshe shi bai binciko cutar ba, lalle zai sake ganinsa, ko a wurin, ko a wani wuri dabam. Za a ɗauki misalai daga motoci biyu da suka yi zamani a ƙasar nan, a kuma auna su da yanayin birnin Sakkwato, musamman unguwannin cikin ganuwa irin su Ƙofar Atiku. Wajen sunayen kayan inji, za a bi waɗanda makanikai suke amfani da su a gareji, tare da bayanin kowanne.

2.0 MOTOCIN DA AKE MAGANA A KANSU

Mota ta farko ita ce Peugeot, wadda Hausawa ke kira Fijo. Samfurin 404 ya fito a Faransa a 1960, sa'an nan 504 ya biyo baya a 1968. A 1972 aka kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya, kuma a 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Daga nan Fijo ta zama motar ma'aikatan gwamnati da sarakuna da 'yan kasuwa, doguwar 504 kuwa ta zama motar haya a kan hanyoyin Sakkwato zuwa Gusau da Birnin Kebbi da Illela. An daina ƙera ƙaramar 504 a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan mafi ƙuruciyar 504 da ke kan hanya ta ba shekara 15 baya da nisa, wasu kuwa sun haura 40.

Mota ta biyu ita ce Volkswagen mai siffar kunkuru, wadda Yarabawa suka laƙaba wa Ijapa. Ita ma a 1975 aka fara harhaɗa ta a Legas. An daina ƙera ta a Jamus a 1978, ta ƙarshe a duniya kuwa ta fito daga Meziko a 2003. Yanzu ta yi ƙaranci ƙwarai, amma tsarin injinta yana koyar da darussa masu amfani.

Injunan biyu sun sha bamban. Na 504 yana gaba, mai silinda 4 ne a jere, an kishingiɗar da shi gefe guda da digiri 45, ruwa ne yake sanyaya shi, kuma yana ɗaukar mai kimanin lita 4. Na Volkswagen yana baya, silindarsa 4 suna kwance biyu-biyu suna ba juna baya, ba shi da lagireto ko ruwa, iska da mai ne suke sanyaya shi, man da yake ɗauka kuwa lita 2.5 ne kacal. Abin da za a faɗa game da su ya shafi sauran tsofaffi irin su Marsandi da Land Rover, sai dai ɗan bambanci wajen tsari.

3.0 AIKIN MAI DA YADDA AKE TSARE SHI

Baƙin mai yana zaune ne a cikin wani kasko da ke ƙarƙashin inji, wanda makanikai ke kira botom filet. Da zarar an tayar da mota, famfo yakan zuƙo shi ta cikin rariya, ya tura shi da ƙarfi ta filta, ya bi ta ƙananan hanyoyi zuwa ga karanshaf da metal da bawul, sa'an nan ya gangaro ya koma kasko. A wannan zagaye yana aiki huɗu: yana hana ƙarfe gogar ƙarfe, yana kwashe zafi, yana wanke datti, yana kuma cike ɗan gibin da ke tsakanin fistin da silinda. Idan mai ya yi ƙasa har famfo ya fara zuƙar iska, metal yakan ƙone cikin ɗan lokaci kaɗan, shi ne ake cewa inji ya buga.

Inji ba curi ɗaya ba ne, gutsattsari ne aka haɗa da noti, don haka duk mahaɗa ƙofa ce da mai zai iya bi. Ƙofofin iri biyu ne. Na farko su ne inda ƙarfe biyu marasa motsi suka haɗu, kamar bakin botom filet ko murfin bawul da ake kira tof koba. A nan ake shimfiɗa gaskit, wanda a tsofaffin motoci akan yi da takarda mai kauri, ko roba, ko wani ɓawon itace mai laushi irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi. Na biyu su ne inda sanda mai juyawa ta ratsa bangon inji ta fito waje, kamar gaba da bayan karanshaf. Tsare irin wannan ƙofa ya fi wuya, domin ana so a hana mai fita ba tare da an hana sandar juyawa ba.

Maƙeran da sun gwada dabaru iri-iri. Wasu sun cusa igiya mai maiƙo a kewayen sandar. Wasu sun yanka mata zare mai karkata kamar na noti, wanda in tana juyawa yake mayar da man ciki. Sil ɗin da aka sani yau, watau zobe mai leɓe da ɗan sifirin da ke matse leɓen a jikin sanda, wani injiniya mai suna Walther Simmer ne ya ƙirƙiro shi a 1929 a kamfanin Freudenberg na Jamus. Abin sha'awa ga mutanen Sakkwato, garin da ya yi suna wajen jima, shi ne wannan kamfani asalinsa majema ne, kuma da fata aka fara yin leɓen kafin a koma ga roba.

4.0 MATAKAN YOYO

Harshen Hausa ya riga ya tanadi kalmomin da suka bambanta matakan fitar ruwa daga tulu ko rufin soro, kuma sun dace da inji sarai.

Naso shi ne inda jikin ƙarfe ya yi danshin mai, ƙura ta manne ta yi baƙi, amma babu ɗigo. A tsohon inji wannan ba abin tayar da hankali ba ne, sai dai a sa masa ido. Tsattsafo shi ne inda man ya taru har ya yi ƙyalli, in an goge ya dawo bayan kwana ɗaya ko biyu. Wannan gargaɗi ne. Ɗiga ita ce inda mai yake faɗowa ƙasa ɗigo-ɗigo, kuma a nan gyara ya wajaba. Zuba ko tsiyaya ita ce inda yake gudana ba yankewa, motar da ke haka kuwa ba a hawanta sai dai a ja ta zuwa gareji.

Domin a ga nauyin ɗiga, bari a yi ɗan lissafi. A ƙaddara ɗigo 20 ne suke cika mililita 1, kuma wata motar haya tana sakin ɗigo 1 duk daƙiƙa 10 in inji yana aiki. A minti 1 ɗigo 6 ke nan, a awa 1 kuwa 360, watau mililita 18. In tana aikin awa 8 a yini, ta zubar da mililita 144, a mako guda kuma ta haura lita 1. Wannan rubu'in man Fijo ne, kuma kashi 2 cikin 5 na man Volkswagen. A yawancin motoci, tazarar da ke tsakanin alamar sama da ta ƙasa a jikin geji ba ta wuce kimanin lita 1 ba. Ashe ɗigon da ake rainawa yana iya kai inji bakin halaka tsakanin Juma'a da Juma'a.

5.0 DALILAN YOYO

5.1 Zafi

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Sakkwato yakan haura digiri 40. Man da ke cikin inji mai aiki yakan kai kimanin digiri 100, robar nitril da aka fi yin sil da ita kuwa ƙarfinta yakan fara ƙarewa daga kimanin digiri 120. Ratar ba ta da yawa. Duk lokacin da inji ya ɗauki zafi fiye da kima, saboda fambel ya saki ko lagireto ya toshe, robar takan ƙara tauri, har a kwana a tashi leɓen ya bushe ya tsattsage. Bugu da ƙari, zafi yana tsinka mai, tsinkakken mai kuwa yana bin tsagar da mai kauri ba zai bi ba. Wannan ne ya sa motar da ta yi shiru da hunturu sai ta fara ɗiga da bazara.

5.2 Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kawo ƙura mai laushi kamar gari. Idan ƙura ta haɗu da mai a bakin sil, sai ta zama tamkar dutsen wasa wuƙa, ta riƙa cin leɓen robar, ta kuma yanka kwari a jikin sandar ƙarfen kanta. Wanda ya sa sabon sil a kan wannan kwari bai yi kome ba. A Volkswagen ɓarnar ƙura ta fi yawa, domin mai da ƙura sukan yi ɓawo a kan fikafikan silinda da na'urar sanyaya mai, su hana iska kwashe zafi. Zafi ya ƙaru, roba ta ƙara bushewa, yoyo ya ƙaru, ɓawo ya ƙara kauri. Haka abin yake zagayawa har inji ya gaza.

5.3 Matsin hayaƙi a cikin inji

Wannan shi ne dalilin da aka fi mantawa da shi, alhali sau da yawa shi ne uwa uba. Duk lokacin da fetur ya kama wuta a cikin silinda, ɗan hayaƙi yakan sulale ta gefen ringin fistin ya sauka cikin ɗakin mai. Kowane inji yana da bututun numfashi da wannan hayaƙi yake fita ta ciki. A motocin farko ƙasa kawai yake fesa shi, amma tun farkon shekarun 1960 aka fara mayar da shi cikin inji ya sake ƙonewa, bisa dokokin tsabtace iska na Amurka. Idan bututun ya toshe da dauɗa, ko ringi ya cinye har hayaƙin ya fi ƙarfin bututun, sai matsi ya taru a ciki, ya riƙa tura mai ta duk inda ya sami rauni. In an toshe gaba ya fasa baya, in an toshe baya ya fasa sama. Alamar wannan ita ce a ga inji yana jiƙewa ta wurare da yawa lokaci guda, ko geji yana ɗagowa da kansa.

5.4 Hannun ɗan Adam

Akwai yoyon da mutum ne yake jawo shi. Cika mai ya wuce alama yakan sa karanshaf ya riƙa dukansa yana watsa shi ga sil. Ɗaure noti fiye da kima yakan murƙushe gaskit ya lanƙwasa bakin murfi, garin neman gira a rasa ido. Mayar da tsohuwar washa a notin juye, da sa sabuwar filta alhali robar tsohuwar tana manne a wurin, da sayen jabun sil saboda araha, duk suna cikin wannan aji.

6.0 GANO TUSHEN YOYO

Hausawa sun ce a bar duban inda aka faɗi, a dubi inda aka yi tuntuɓe. Mai yakan gangara ƙasa, iskar tafiya kuma takan kora shi baya, don haka inda ya ɗiga ba safai yake zama inda ya fito ba. An sha sauke giya domin a canza sil na baya, alhali man daga tof koba yake gangarowa.

A nan yanayin wurin kwanan mota yana da muhimmanci. Ƙofar Atiku, wadda ta ci sunan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ɗan Shehu da ya yi mulki daga 1837 zuwa 1842, tana cikin ƙofofi 8 na tsohon birni, kuma an tsara gidajen irin waɗannan unguwanni tun kafin zuwan mota. Mota takan kwana a ƙofar gida, sau da yawa a kan ƙasa, ƙasa kuwa takan shanye ɗigon, shara da iska su rufe sauran. Mai mota ba zai ga girman asararsa ba sai ya bi waɗannan matakai:

(a) A shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin mota da dare, bayan ta dawo daga aiki da zafinta. Da safe a duba wurin ɗigon da yawansa.

(b) A tantance irin ruwan. Baƙin mai launinsa baƙi ne ko ruwan ƙasa. Man giya da na bakasul, watau gatarin baya, ya fi kauri, yana da wari mai kaifi irin na farar wuta. Man birki tsinkakke ne mai haske, yana cin fenti, kuma in shi ne yake zuba kada motar ta motsa. Haka nan in warin fetur aka ji, musamman a Volkswagen inda tiyon fetur yake ratsawa kusa da inji mai zafi, domin gobara ce take sallama.

(c) A bar inji ya huce, a wanke shi da kananzir da buroshi, a bar shi ya bushe. Kada a yi amfani da fetur.

(d) A barbaɗa hoda ko garin alli a wuraren da ake zargi, a tayar da inji na kimanin minti 15, sa'an nan a haska tocila. Sabon mai zai zana baƙin layi a kan farin garin. A bi layin sama da gaba har inda ya ƙare, nan ne tushen. A garejin zamani akan zuba wani rini a cikin man wanda yake ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman, amma hikimar ɗaya ce.

(e) Kafin a kwance kome, a cire murfin da ake zuba mai alhali inji yana aiki a hankali. In hayaƙi yana bugowa da ƙarfi, a fara da wanke bututun numfashi. In bai ragu ba, ringi ne ya cinye, kuma babu sil ɗin da zai riƙe mai sai an yi wa injin aiki.

Har wa yau akwai yoyon ciki, wanda ba ya taɓa ƙasa. In geji yana sauka kwali kuwa bai nuna kome ba, a dubi salansa: shuɗin hayaƙi yana nufin inji yana ƙona mai. In kuma man ya koma launin shayi mai madara, ruwa ne ya shiga cikinsa.

7.0 WURAREN YOYO DA GYARANSU

7.1 A injin Fijo

Da yake injin a kishingiɗe yake, mai yakan kwanta a ɓangaren tof koba da ya rusuna, nan ne gaskit yake fara gazawa. Fulogogin wannan inji suna zaune ne a cikin bututu masu zurfi da suka ratsa murfin, kuma in robar bakin bututun ta bushe mai yakan taru a gindin fulogi, inji ya riƙa tsallake wuta. Gyaran nan mai sauƙi ne: a kankare tsohon gaskit tas, a ɗora bakin murfin a kan abu miƙaƙƙe a ga ko ya lanƙwashe, a daidaita shi, a sa sabo, a ɗaure noti kaɗan-kaɗan bi da bi.

Sauran wurare masu sauƙi su ne robar filta, da washar notin juye wadda ya kamata a sabunta duk juye, da ɗan makunnin da ke kunna jar fitilar mai a gaban direba. Wannan makunni ƙarami ne mai araha, amma yana kan hanyar da mai yake bi da ƙarfi, don haka in ya fashe yakan zubar da mai da yawa cikin ɗan lokaci. Botom filet kuwa yakan lotsa ko ya tsage in ya daki dutse, kuma wajen mayar da shi ana fara ɗaure notin tsakiya ne, a riƙa tsallakawa gefe da gefe har a kai ƙarshe.

Silindar wannan inji hannun riga ne na ƙarfe da ake zurawa cikin bulok, ruwa yana kewaye da su kai tsaye. Saboda haka in aka ga ruwa cikin mai, ba kullum ne gaskit na tof silinda yake da laifi ba, yana yiwuwa abin da ya tsare gindin hannun rigar ne ya saki. Makanikin da ya san Fijo ba ya juya karanshaf bayan ya cire tof silinda sai ya danne hannayen rigar, don kada su ɗaga.

Gyara mafi tsada shi ne na bayan karanshaf. Alamarsa mai yana ɗigowa daga mahaɗar inji da giya, wani lokaci kuloci ya riƙa santsi ko kakkarwa saboda mai ya jiƙa shi. A tantance ɗigon tukuna, domin man giya ma ta nan yake fitowa. Tun da dole a raba inji da giya, hikima ita ce a duba kuloci da sil na giya a lokaci guda, kada a biya ladan aiki sau biyu.

7.2 A injin Volkswagen

Wannan inji yana da ƙananan bututu 8 da sandunan tura bawul suke bi ta ciki, kowanne da roba a bakinsa biyu, watau ƙofofi 16 ke nan. Akwai kuma robobin na'urar sanyaya mai, waɗanda suke ɓoye a cikin rumfar fanka. In su ne suka saki, fanka takan watsa man ko'ina, har a rasa gane tushensa. Injin ba shi da filta irin ta Fijo, sai rariya da faifai mai noti 6 a ƙasa, kuma duk juye ana son sababbin gaskit da washa. Wajen sil na filawul, lalle a auna wasan da karanshaf yake yi gaba da baya, wanda maƙera suka ƙayyade tsakanin milimita 0.07 da 0.13. In wasan ya yi yawa, sabon sil ba zai daɗe ba.

A ɓangaren fuli kuwa, asali babu sil ko kaɗan, sai zaren nan mai mayar da mai ciki da aka ambata a baya. Ɗan naso a wurin ba laifi ba ne, amma in mai yana fesowa, matsin hayaƙi ne. Illar zaren a ƙasa irin tamu ita ce yadda yake jan mai ciki haka yake jan ƙura, shi ya sa aka ƙera wani sil na musamman da ake ƙarawa domin wurare masu rairayi.

7.3 Ƙa'idojin sa sabon sil

A shafa farce a inda leɓen yake zama. In an ji kwari, a sa siririn zoben ƙarfe da ake rufe shi da shi, ko a zaunar da sil ɗin ɗan gaba ko baya kaɗan domin leɓen ya hau lafiyayyen wuri. A shafa wa leɓen mai kafin a zura shi, domin in ya fara aiki a bushe nan take yake ƙonewa. Ɓangaren da sifirin yake shi ne yake fuskantar cikin inji. A buga shi daidai ta kowane gefe. In ana samu, a zaɓi na robar Viton, wadda take jure zafi har kimanin digiri 200, ko da ta fi tsada.

8.0 DABARUN DA BA SU WARKARWA

Dabara ta farko ita ce lafta gam a kan gaskit. Ɗan kaɗan a kusurwa yana da amfani, amma in ya yi yawa, rabin da ya matso ciki yakan gutsure ya toshe rariyar famfo, a tsare ɗigo a rasa inji. Shafa shi ta waje a kan ƙarfe mai maiƙo kuwa aikin banza ne.

Ta biyu ita ce maganin gwangwani da ake zubawa cikin mai. Abin da yake yi shi ne ya kumbura robar da ta fara bushewa. Yana iya rage tsattsafo na ɗan lokaci, amma ba ya ɗinke tsaga, ba ya cike kwari, ba ya rage matsin hayaƙi.

Ta uku ita ce neman mai mafi kauri, har wasu su gauraya da man giya. Tsofaffin injuna a ƙasa mai zafi sun dace da mai irin 20W-50 ko SAE 40, tsinkakken man da aka yi domin motocin yau kuwa yakan tona raunin da yake ɓoye. Amma wuce wannan kauri yakan jinkirta isar mai ga metal da safe, man giya kuwa ba a yi shi domin inji ba sam. Mafi muni shi ne cike gurbin da kwandem, watau man da aka juye daga wata mota, domin ƙarfe da datti ne ake mayarwa ciki.

9.0 INA MAN YAKE TAFIYA?

Man da ya bar inji bai ɓace ba. In ya sauka a kan salansa mai zafi yana iya kama wuta. In ya jiƙa robobin da ke riƙe inji da tiyo yakan ruɓar da su. In ya ɗiga a kan kwalta, masu babur ne suke fara biyan kuɗinsa. Wanda ya shiga ƙasa a ƙofar gida kuwa yana nan inda yara suke wasa, har damina ta zo ta kwashe shi ta kwata zuwa fadama da gulbi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye guda ɗaya yana iya gurɓata ruwan sha galan miliyan 1. Bincike ya kuma nuna cewa yawan cuɗanyar fata da tsohon baƙin mai yana da haɗarin jawo ciwon daji, don haka wajibi ne makanikai da yaransu su riƙa wanke hannu da sabulu, a kuma tara kwandem a cikin duro mai murfi, kada a zubar da shi a kwata.

10.0 KAMMALAWA

An nuna cewa yoyon mai mataki-mataki ne, daga naso zuwa tsiyaya, kuma dalilansa a Sakkwato su ne zafi da ƙura da matsin hayaƙi da sakacin hannu. Tsarin da ya kamata a bi shi ne a wanke, a gano tushe, a duba numfashin inji da sanyinsa, sa'an nan a canza abin da ya lalace, a fara da na sama mai araha kafin na ƙasa mai tsada. Ba a neman tsohon inji ya bushe ƙayau kamar sabo, ɗan naso ba ya kashe shi. Abin da ake nema shi ne kada ya ɗiga, kuma mai shi ya duba geji kowace safiya a wuri mai daidai kafin ya tayar. Masana'antun da suka fitar da 404 da 504 da Volkswagen mai siffar kunkuru sun daina ƙera su, saboda haka duk injin da ya buga don rashin mai ya rage adadin waɗanda suka saura, samun madadinsa kuwa sai ƙara wuya yake yi kowace shekara.